Ranar da Kyari Ya Daki Taubashinsa

Shekara ashirin da uku Mushe Ɗanƙarami, wato Malam Ɗanƙarami, yana sirbeyan a wata kwaleji a Damagaram, shi ke kula da ladabin yara. Mutumin Gidimuni ne, gajere, ba ya sauri ko ana ruwa. Bulalarsa tana rataye a biro, wato ofishinsa, har ta bushe. Abin da ya iya shi ne sanin asali: wannan ɗan wane ne, wannan jikan wance. Abokan aiki suna yi masa tsiya, wai ya fi mai unguwa bin diddigi.

Bara, saura wata biyu jarrabawar ƙarshe, wani ɗalibi Kyari ya fasa wa ɗan ajinsu Umaru leɓe a filin lakwal, wato makaranta. Faɗansa na uku ke nan. Direkta ya ce kora ce, ba wani zance. Abin ya yi wa Ɗanƙarami ciwo ƙwarai, don ya san uwar Kyari ba ta da kowa sai shi.

Ya kira su biro ya tambayi mafari. Umaru ya ce hular Kyari kawai ya fizge, ya kira shi bawansa.

"Kai Bafillace ne ko?"

"I, Mushe."

"Kai kuwa Kyari Babarbare. Af! Ashe taubashinka ka daka? Wa ya taɓa jin haka?"

Wallahi Kyari bai sani ba. Yana goye mahaifinsa ya rasu, cikin dangin uwa Hausawa ya tashi. Ba wanda ya taɓa gaya masa Fulani abokan wasansa ne, ko riga suka tuɓe maka ba a fushi, ramawa ake da baki. Ɗanƙarami ya zaunar da shi ya bayyana masa a hankali. Sannan ya dubi Umaru: "Kai aka zalunta. In ka yafe, ka san ƙofar direkta."

Umaru ya tafi wurin direkta da kumburarren leɓensa.

"Mushe Direkta, don Allah kada a kori bawana. In ya tafi, wa zan tsokana?"

Direkta ya daɗe yana kallonsa, ya girgiza kai, ya mai da korar sharar fili ta kwana uku.

Da aka tashi, Kyari ya dawo ya tsaya bakin biro yana murza hula.

"Mushe, babana ma yana irin wannan wasa?"

"Babanka? Na san shi sarai. Ko Bafillace ya hango a hayin titi sai ya tsallaka ya tone shi."

Kyari ya soma dariya, sai ta koma masa kuka. Ɗanƙarami ya jawo masa kujera ya bar shi ya yi mai isarsa.