Harajin Benen Maƙwabcinmu

Gidanmu na Ƙofar Marusa gidan ƙasa ne, kakana ya gina shi. Ni tela ne, kekena yana zaure, cikin gida kuma akwai matata da yara da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. A zamanin soja wani ɗan kwangila, wanda kowa ke ce wa Alhaji, ya sayi gidajen da ke bayanmu, ya rushe su, ya tayar da bene. Tagogin saman suka fuskanci tsakar gidanmu. Inna, da ta saba zama a gindin lemo tana tsince wake da ɗan zane ɗaya, sai ta koma yini a ɗaki, don ba ta san wanda ke leƙe ba. Indararon benen kuma aka juyo bakinsa kan katangarmu.

Na je in ga Alhaji kafin damina. Wani mai kaki ne yake gadin ƙofar. Da na ce ina son ganin maigidan kan maganar ruwa, sai ya ce in kama kunne in yi tsallen kwaɗo. Na yi, da gemuna, a gaban masu sayar da rake. Alhaji ya fito cikin mota, ya dube ni ta gilashi, ya wuce.

Ruwa na tsakiyar damina ya kwantar da bangon ɗakin Inna. Allah ya sa tana madafa. Ƙanwata ta ɗauke ta zuwa Batagarawa kafin in gyara, can ciwo ya kama ta, can muka binne ta. Alhaji ko gaisuwa bai aiko ba.

Da sojoji suka koma bariki, aka yi zaɓe, mai kakin ya ɓace daga ƙofar. Ba a daɗe ba kansilanmu, wani matashi mai zafin kai, ya zo da magana: a sa haraji a kan manyan gidaje, masu bene da dogayen katangu, a gyara magudanan ruwan unguwa da kuɗin. Ya ce za a yi taro a makarantar firamare a ji ta bakin jama'a. Ni magudanan ba su dame ni ba. Abin da na sani shi ne hannun hukuma zai shiga aljihun mutumin nan, kuma ina son in ga fuskarsa lokacin.

Na ajiye ɗinki na bi gida gida. Duk wanda ya kawo yadi sai ya sha bayani kafin in auna shi. Matata ta ce, "Malam, ka fi kansilan ma zaƙewa." Na ce mata shi aikinsa yake yi, ni tawa nake bi.

Ranar taron aji ya cika, wasu suna tsaye a taga. Mai unguwa ya zauna a gaba, Alhaji a gefensa cikin farar shadda. Kansila ya yi bayaninsa. Sai wani tsohon malamin makaranta ya miƙe, mutum ne mai gaskiya, ba yaron kowa ba.

"Ni ba ni da bene," in ji shi, "amma na ga zamanin haraji. Na ga an shanya dattawa a rana. Yau a ce manyan gidaje, gobe a ce duk mai rufin kwano, jibi a zo kan masu azara. Ku yi tunani."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Wani mahauci ya ce shi dai a gyara kwatar layinsu, ko daga ina kuɗin zai fito. Wani ya ce wa zai auna girman gida, kuma wa zai hana a ci kuɗin? Sannan Alhaji ya tashi, murya a sanyaye. Ya ce shi ɗan unguwa ne, bai taɓa cutar kowa ba. Ya ce famfon da ya fitar bayan katangarsa, wanda mata ke ɗiba kyauta, da man janareta yake tafiya. In aka ɗora masa haraji, to bai san yadda zai yi da famfon ba. Kowa a wurin yana shan ruwan nan.

Na ɗaga hannu, mai unguwa ya ba ni dama.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Alhaji ya ce bai taɓa cutar kowa ba. Alhaji, ka san ni?"

Ya ƙura mani ido. Ya juya ya tambayi mai unguwa a hankali, amma na ji: "Wane ne wannan?"

Katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru. Na faɗi maganar tagogin. Na faɗi ta indararon da bangon Inna. Na ce ni ne wanda aka sa tsallen kwaɗo a ƙofarsa yana kallo, kuma ga mai raken da aka yi a gabansa. Mai rake ya ce, "Ƙwarai, an yi haka." Sai wata tsohuwa daga taga ta ɗaga murya ta ce ita ma ruwan benen ne ya cinye mata makewayi. Wani ya tashi da tasa. Maganar haraji ta koma gefe, aka shiga lissafa wa Alhaji abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Ya cire hula ya share gumi, ya buɗe baki, hayaniya ta danne shi. Na zauna ina kallonsa. Tun rasuwar Inna ban ji daɗi irin na wannan yammacin ba.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Muka rinjaya da nisa. Tsohon malamin bai ɗaga ba, kuma da muka fito ya ce mani, "An zalunce ka, amma ba haraji ka zo nema ba." Na ce masa haka ne.

Washegari Alhaji ya rufe famfon. Mata suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, wasu suka daina gaishe ni, wasu suka janye ɗinkinsu. Maganar harajin kuma ta tafi sama, ba mu sake jin ta ba. Ko kwabo ba a karɓa a hannunsa ba.

Da zaɓe na gaba ya matso, sai ga famfon ya buɗe, ga hotunan Alhaji a bango, yana neman kujera. Na sake ajiye ɗinki, na bi gida gida ina cewa kada a zaɓe shi. Wannan karon ban sha wahalar bayani ba, kowa ya ji a makaranta. Ranar zaɓe na tsaya a rana har aka ƙirga ƙuri'un akwatinmu, wanda aka ajiye a jikin katangarsa. Ya faɗi a nan, ya faɗi gaba ɗaya.

Bayan wasu shekaru ya kwanta ciwo. Limamin unguwa ya zo zaurena, muka gaisa, ya ce Alhaji yana neman gafarar maƙwabta, kuma ya ambace ni musamman. Na ce, "Allah gafarta Malam, ka ce mashi na ji." Liman ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Da ya ga na koma kan keke, ya yi mani sallama ya tafi.