Ranar da Aka Shanya Memburen

Shekara tara Malam Tajuddeen ya yi yana kula da injin tace ruwa a wani ƙaramin gidan ruwan leda a bayan garin Bagwai, tsakanin gonakin dawa. Tun rasuwar matarsa kusan can ya tare. A cikin injin akwai wani naɗaɗɗen abu mai kamar tabarmar da aka nannaɗe, wanda ake kira memburen. Shi ke raba ruwan burtsatse da gishirinsa. Na mutane shekara biyu yake yi ya toshe, na Tajuddeen ya shiga ta biyar.

Ba asiri ba ne, ko da yake wasu sun yi zargin haka. Kullum da safe sai ya wanke tankin yashi da na gawayi. Ƙananan filtocin gaba kuwa ba ya jira su yi baƙi kafin ya canza su. Idan an tashi aiki, sai ya kora ruwa mai tsabta ta cikin memburen, don kada ya kwana da dauɗa. A majalisa ya sha yin wannan bayani, har aka fara tuna alwala da zarar an hango shi.

Mai gidan ruwan, Alhaji Mudassir, ya riga ya faɗa: ranar da wannan memburen ya mutu, zai rufe wurin ya mai da shi rumbun hatsi. Tajuddeen kuwa bai san inda zai riƙa zuwa da safe ba in an yi haka.

Mutum ɗaya ce ke tambayarsa ko ya ci abinci, Mairo mai ɗaure jakunkunan ruwa.

Da kaka yayansa ya rasu a Shanono, ya tafi zaman makoki na kwana uku, aka dakatar da aiki. Mairo ta ga bawan Allah bai taɓa hutawa ba, ta ce bari ta rage masa wahala. Ta sa direban gidan ruwan ya kwance bututun da ke cikin injin, ta zaro memburen, ta wanke shi tas da garin sabulu, ta shanya shi a rufin kwano kusa da barkononta. Duk abin da ake so ya daɗe a ƙasar nan, ai shanya shi ake yi. Shi kuwa memburen, in ya bushe ya gama.

Da ya dawo, ta tare shi tun daga ƙofa.

"Malam, ya haƙuri? Zo ka ga mutumin naka. Kwana biyu yana shan rana, har juya shi na riƙa yi."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Ya bushe sosai?"

"Ƙarau! Ni ce fa."

"Allah ya saka da alheri, Mairo."

Ya sauko da shi, ya jiƙa shi wuni guda, washegari ya mayar, ya kunna inji. Ya tari ruwan a kofi ya kurɓa. Yadda ya fito daga burtsatse, haka ya fito daga inji.

Da la'asar ya kira Alhaji a waya, ya ce memburen ya mutu.

"Me ya same shi?" in ji Alhaji.

Tajuddeen ya dubi Mairo tana kwashe barkononta a buhu.

"Tsufa ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Yaushe za a kawo dawar?"