Damisar Buntam da Zanin Inna Tongsuk

Buntam ɗan ƙanwar babana ne, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba wanda zai kai ni ƙara. A ƙauyenmu Nong Ben, can ƙasar Buriram, an haife shi da kai kamar tulu da ƙwauri kamar taɓarya. Ungozomar da ta karɓe shi ta rantse ya haure ta tun kafin ya yi kukan farko. Makaranta aji huɗu ya yi, malamin ya roƙe shi ya koma kiwon ɓauna don sauran yara su samu haƙoran cin shinkafa. Daga kiwo ya faɗa dambe, irin namu na hannu da ƙafa da gwiwa, a gidan Ajan Kamdi, tsohon da ke horar da 'yan dambe yana kuma yi musu jarfar tsari a jiki.

Yana da shekara goma sha tara Ajan ya kwantar da shi rubda ciki, ya ɗauko tsinken ƙarfe mai tsawon kamu guda, ya wuni yana caccaka masa baya yana karatu ƙasa-ƙasa. Da aka goge jini sai ga damisa tun daga kafaɗa har ƙugu, baki buɗe. Ajan ya hura mata iska sau uku, ya mari bayan, ya ce ta shiga. Sannan ya jero masa sharuɗɗa. Kada ya ci sauran abincin wani. Kada ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya. Babba a ciki, kada zanin mace ya taɓa masa baya ko ya hau saman kansa. Ranar da ya karya, damisa za ta tattara ta bar shi da fatar banza.

Shekara ashirin da biyu Buntam yana riƙe da wannan. Tafiyar da kowa zai yi a minti biyar, daga gidansu zuwa bakin tafki, shi sai ya zagaye ƙauyen kaf, don matan Nong Ben ba su san inda ba a ɗaura igiya ba. Matarsa Buwapan damina uku ta yi ta ɗaure kayanta.

“Mutum ɗaya na aura,” in ji ta a bakin mota, “na zo na tarar su biyu ne, kuma dabbar ce mai gidan.”

Bai bi ta ba. Damisa tana biyansa. Ya yi dambe a kowane bikin haikali daga nan har bakin kogin Mun, an fasa masa gira ya fi sau talatin, amma ba a taɓa kwantar da shi an ƙirga goma ba. Kowace shekara kuma, ranar gaida malami, idan almajiran Ajan suka zauna tsirara daga ƙugu zuwa sama a tsakar gida aka soma karatu, sai jarfar kowa ta hau shi. Mai jarfar kada ya ja ciki a ƙasa. Mai tsohon daji ya duƙa yana tafiya da sandar da ba a gani. Tongbai mai gyaran keke, wanda biri ke hawa, ya dinga tsalle yana sosa haƙarƙari. Amma duk jiran Buntam ake yi. Idan ta zo masa, gurnanin farko kajin ƙauye uku sukan daina ƙwai. Ƙarti shida ke tare shi su ɗaga shi sama su murza masa kunnuwa kafin ta sauka.

Yana da arba'in da ɗaya, uwarsa Inna Tongsuk ta faɗi a gindin turmi tana dakan gwanda. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, baki ya karkace, amma harshen nan bai rage komai ba. 'Yarta ɗaya tana can Taiwan a masana'anta. Gidan kuwa irin namu ne, a kan dogayen ginshiƙai, tsani tara kafin ka taka ƙasa. Matan maƙwabta suka yi ta karɓa-karɓa, wannan ta yi mata wanka, waccan ta wanke zannuwa. Da shinkafa ta nuna kowa ya ɗauki laujensa ya nufi gona, aka bar Buntam da tsohuwa da tulin zannuwa masu zarni.

Ya yi dabara. Ya sari gora mai tsawon mutum biyu, ya riƙa tsinko zani da ita daga nesa kamar mai kama maciji, ya tsoma a baho, ya jujjuya, ya yarfa a kan shinge ƙasa-ƙasa. Zanin ya fito da dauɗarsa, ya ƙaru da ƙasa, karnuka kuma su ja shi zuwa bayan haikali. Tsohuwa tana kwance ta taga tana kallo.

“Kai, ɗan nan, wanki kake yi ko su?”

“Inna, ki kwanta.”

“A kwance nake, da rawa ka ga ina yi? Ubanka ma da ya fi ka hauka bai taɓa kamun kifi a baho ba.”

Kwana biyar bayan haka wankin ya ragu. Buntam har ya ji daɗi. Sai da safe ya ɗaga butar da yake ajiye mata a gefen tabarma ya ji ta cike yadda ya bar ta jiya. Ya duba leɓenta, ya tsattsage kamar ƙasar gona a bazara.

“Inna, yaushe rabonki da ruwa?”

“Ba na jin ƙishi.”

“Yaushe rabonki?”

Ta juya fuska bango da ɓarin da ke juyuwa. “In ban sha ba ba zan jiƙa ba. In ban jiƙa ba ka huta da gorarka. Shekara ashirin kana kiwon abin nan a bayanka, ba ni zan kashe maka shi ba.”

Buntam ya matso kusa. Ya tallafo kanta ya kafa mata butar sai da ta shanye tana zaginsa tsakanin kurɓa da kurɓa. Ya sauka ya karya gorar a gwiwa, ya zuba hannu biyu cikin baho ya cuɗa zannuwa bakwai har kumfa ta kai masa haɓa. Ya ɗaura igiya a sama, daga ginshiƙin gida zuwa bishiyar mangwaro, inda kare ba zai kai ba, ya shanya su reras. Sannan ya hau, ya cire riga don kada ta jiƙe, ya durƙusa a gaban tabarma.

“Hau.”

“Ka haukace? Zanina zai…”

“Inna, wata biyu ba ki ga rana ba. Hau, ko in ɗauke ki kamar buhu.”

Haka ya sauko da ita tsani tara, goye, zaninta shimfiɗe a kan fuskar damisa, ya bi ta ƙarƙashin igiyar ruwa na ɗiga masa a ka, ya zaunar da ita a gadon gora ya yi mata wanka da ruwan ɗumi. Kafin shinkafar rana ta turara labari ya kai gona ta ƙarshe.

Ranar gaida malami ta zo bayan girbi. An yi cikar da ba a taɓa yi ba, har masu sayar da gasasshiyar kaza suka zo daga wasu ƙauyuka, don kowa yana son ya ga ko za ta zo. Aka kunna turare, aka jera kan alade da ƙwai da ayaba, Ajan ya hau kujerarsa ya soma karatu. Mai kada ya ja ciki. Tsohon daji ya tashi da sandarsa. Buntam yana zaune a sahun gaba, hannuwa haɗe a ƙirji, yana jiran zafin nan da ke faro masa daga ƙugu ya hau wuya. Ba abin da ya ji sai ƙuda a kunne da ƙafarsa da ta yi sanyi.

Tongbai ya yi tsalle biyu ya diro kusa da shi yana sosa hammata, ya yi magana ta gefen baki.

“Yaya, yi gurnani mana. Wa zai gane?”

“Kai haka kake yi?”

“Nawa na gaske ne. Sai dai wani lokacin yakan makara, in riƙe masa wuri.”

“Je ka riƙe masa.”

Aka gama karatu, aka murza wa kowa kunne ya dawo hayyacinsa, aka yayyafa ruwan tsarki. Buntam bai motsa ba. Ajan Kamdi ya yafito shi. Ya ja gwiwa ya je gabansa ya sunkuya har ƙasa sau uku, yadda ya saba.

“Ta tafi,” in ji Ajan.

“Na ji, Ajan.”

“Ba wai ba a dawo da ita ba ne. In yi maka wanka, in sake bin layin da tsinke, in hura. Amma sai ka rantse a gaban malaman da suka shuɗe ba za ka ƙara ba. Ka nemi wata mata ta riƙa yi.”

“Wace matar, Ajan? Duk suna da nasu tsofaffin.”

“Wannan ba matsalar damisa ba ce.”

“To ai shi ne. Shekara ashirin da biyu ina zagaye gari saboda ita, ban ci sauran kowa ba, matata ta tafi ban ce uffan ba. Ita kuma zani ɗaya na tsohuwar da ta haifi bayan da take kwance a kai ya kore ta. In dai haka take da ƙyama, ta sauka lafiya.”

Har mai gasa kaza sai da ya bar fifita. Ajan bai ɗaga murya ba. Ya ce jibi akwai dambe a bikin haikali, an riga an sa sunan Buntam da wani Samniyang daga Surin, amma shi ba zai ɗora gammon gidansa a kan da ya bi ƙarƙashin zani ba. Gammon nan, zaren da aka yi wa karatu aka murɗa, shi malami ke sa wa ɗan dambe a ka kafin ya hau, kuma ba a taɓa jin wanda ya hau babu shi ba.

“A bar sunana,” in ji Buntam.

Bayan kwana biyu, da la'asar, aka kafa dandamali a filin haikali, mai algaita da masu ganga suka zauna. Samniyang ɗan shekara ashirin da huɗu ne, dogo kamar giginya, kambu a damtse biyu, laya a cikin kunci. Ya dafa igiyar sama ya tsallake da gammonsa, yadda maza ke yi don kada abin tsarki ya bi ƙarƙashin komai. Mata in za su yi dambe su ake sawa su rarrafa ta ƙarƙashin igiyar ƙasa.

Buntam ya iso da tsohuwa a baya. Ya zaunar da ita a kujerar roba a gaba, ya gyara mata zani, ya sa mata kwandon shinkafa mai danƙo a cinya. Ya zo bakin dandamali kai ba komai sai sanƙo. Ya dubi igiyar sama, ya dubi Ajan da ke zaune da almajiransa, sai ya kwanta rubda ciki ya shige ta ƙarƙashin ta ƙasa.

Filin ya ɗauki ihu. Wani daga 'yan Surin ya ce, “A ba Anti zani ta ɗaura.” Wani ya ce a tambaye ta nawa take wankin kala ɗaya. Buntam ya miƙe ya karkaɗe ƙirji.

“Ka kawo na uwarka,” ya ce, “kyauta ne. Na ga kai ba ka iya ba.”

Ba zan yi muku ƙarya a nan ba, ko da yake na so: an daki Buntam. Turmin farko yaron ya buɗe masa gira da gwiwar hannu. Na biyu ya sassare masa cinya har ta koma kalar gauta. A na uku ƙafa ta same shi a wuya, ƙarar ta kai kasuwar Buriram, ya zube a karon farko a rayuwarsa. Alƙali ya soma ƙirga. Yana kwance yana jiran gurnani ya taso masa daga ciki kamar da, ba kowa a ciki sai shi kaɗai, da wata murya daga kujerar roba.

“Tashi, ɗan banza, wa zai mai da ni gida?”

A bakwai ya dafa igiya, a takwas ya tsaya. Turmi na huɗu ya rungumo yaron ya zuba masa gwiwa uku a haƙarƙari, layar da ke kuncin ta yi tsalle ta faɗa cikin kwanon miyar wani ɗan kallo. Na biyar duka biyun tafiya kawai suke yi suna harara. Da aka kaɗa ƙararrawa alƙali ya ɗaga hannun Samniyang, kuma gaskiya ya yi. Yaron ya zo ya durƙusa ya taɓa ƙafar Buntam kamar yadda ake yi wa babba, bai yarda sun haɗa ido da mutanensa ba.

Ajan Kamdi ya tashi da almajiransa tun kafin a watse. Daga ranar ba a ƙara kiran Buntam gaida malami ba, ba a ƙara sa sunansa a wani biki ba, shi ma bai je ya roƙa ba. A ranar dai ya fito daga dandamali ta inda ya shiga, ido ɗaya a rufe, haƙori biyu a hannu, ya durƙusa a gaban kujerar roba.

“An cinye ka,” in ji Inna Tongsuk.

“Na sani, ina wurin.”

“Hannun hagunka kake saukewa. Tun kana yaro nake faɗa maka.”

“Inna, hau mu tafi, jini na shiga mini ido.”

Ta saƙalo wuyansa da hannunta mai rai. Mutane suka dare suka ba su hanya, ya miƙe da ita yana ɗingishi, tana ta yi masa bayanin yadda ake tare ƙafa.