Gonar Direba Ce Ta Ƙarshe

Shekara ashirin da biyu Anacleto Huanca, wanda ake girmamawa da laƙabin Don, yana tuƙa taraktar ƙungiyar manoman ƙauyensu, can saman tudun Puno, amma garmar taraktar ba ta taɓa shiga gonarsa ba. Haka dokar ƙungiya take: duro biyu na man dizal a shekara, gonaki talatin da ɗaya, ta direba a ƙarshe. Kafin layi ya iso kansa mai ya ƙare. Sai ya ɗauki garmar ƙafa irin ta kakanni, yana taka ta cikin ƙasa, matarsa Eusebia tana binsa tana kifar da dunƙulen ƙasar.

In za a faɗi gaskiya, cikinsa ne ke shanye man. A nan ba a barin direba da yunwa. Rana na yin tsaka matar mai gona za ta shimfiɗa mayafi a bakin gona, ta jera farfesun rago, busasshen dankali, cuku da tulun giyar masara. Ya ci ya yi nak, sai maigidan ya matso. "Don Anacleto, ɗan ƙara nutsa mana garmar, don Allah." Da wane baki zai ce a'a? Sai ya sauke ta daga taƙi ɗaya ta doshi biyu, inji ya kama gurnani yana aman baƙin hayaƙi. Su kuwa mutanen ƙauyen, zurfin huɗa a wurinsu mutunci ne, har leƙen gonar juna suke yi.

Ba wai bai san ƙasa ba. Ya san taƙi ɗaya ya ishi dankali a jigawa. Ya san laka in ta bushe inji sai ya yi kamar zai mutu, in kuma ta jiƙe sharkaf taya ta yi ta juyawa a banza, duk mai ne ke tafiya. Kunya ce kawai ta fi saninsa ƙarfi.

Yana cika shekara sittin da uku gwiwarsa ta hagu ta ƙi taka garmar ƙafa. Eusebia ba ta ɓoye masa ba. "Tsoho, bana in tarakta ba ta shiga gonar nan ba, irinmu a rumbu zai ruɓe." Maganar ta tsorata shi ƙwarai.

A wannan shekarar da guzurinsa yake fita. Ko'ina ya je sai ya dunƙule ƙasa a hannu, in ta murmushe ya shiga, taƙi ɗaya ba ƙari. A gonar amininsa Zenón ya tarar laka ta ƙeƙashe, ya ce sai an yi ruwa. Farfesun ma bai taɓa ba.

"Mun yi maka wani laifi ne, mutumina?" in ji Zenón.

"Likita ne ya hana ni."

"Wane likita, da wannan tumbin naka? Kuma yanzu tona irin ta kaza za ka yi mini, mutane su yi mini dariya?"

"Dankali ba rijiya yake nema ba, Zenón. Zurfin nan girman kai ne kawai."

Kwana uku aka jira ruwa. Don Anacleto ya dawo ya yi masa taƙi ɗayan, Zenón ya daina gaishe shi.

Ranar da layi ya zo kansa, Don Anacleto ya tsoma kara a tanki. Mai zai kai, amma cif-cif, in bai wuce taƙi ba. An yi yayyafi jiya, ƙasa ta yi laushi. Ya ja layin farko, ya waiwaya, ya ga baƙar ƙasa tana kifewa luf, kuma tasa ce. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Hannunsa ya kai ga ƙarfen sauke garma, ya ce ɗan kaɗan dai. A layi na huɗu ya ƙara. Ya ji muryar inji ta sauya, ya ga hayaƙi ya yi baƙi, ya san abin da ke faruwa sarai, amma ya kasa janye hannun.

Ya ɗan gota rabin gona inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Eusebia ta tako a hankali ta durƙusa, ta zura hannu cikin huɗar. Ya nutse har gwiwar hannu.

"Taƙi ɗayan ke nan?"

"Ƙasar ce ta yi kyau," ya ce, kansa a ƙasa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana duban rabin da ya rage, inda rabin irinsu ba zai shiga ƙasa ba bana. Sannan ta miƙe ta kakkaɓe hannu.

"Sauko a hankali, kada ka fama gwiwar. Ka je ka faɗa wa Zenón da bakinka cewa kai ma ka nutsa garmar, tun kafin ya zo ya gani."