Amon Ƙarfen Da Ya Zaunar Da Yayana

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. A shekarun farko da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni maƙeri ne a gindin Dala, ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai ƙarfin damtse da ƙarfin baki. Ƙira gadonmu ce. Tun ina ƙarami mahaifinmu ya zaunar da ni gaban zuga-zugi, kuma babban abin da ya koya mini shi ne sauraron ƙarfe. Zai saki guntu a kan uwar maƙera, ya ce in faɗa masa ko na wuƙa ne, ko na fartanya, ko na zubarwa. Na iya abin har na fi shi, shi da bakinsa ya faɗa kafin ya rasu. Masu sayen tsohon sifirin mota sukan ɗauke ni takanas zuwa kasuwa don kawai in ƙwanƙwasa in ce a saya ko a bari. Yabon nan ya shiga kaina ya yi zaune. A lokacin idan ka ce akwai abin da ban sani ba game da ƙarfe, to mun ɓata ke nan har wata Juma'ar.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, bai bi ƙira ba. Magini ne, irin masu ginin ƙasa da yaɓen soro, mutum mai sanyin hali da ba ya ɗaga murya ko a kan akuya. Shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya mini har na yi aure. Gab da faɗuwar damina, yana yaɓe a saman wani soro a Dukawuya, azara ta karye da shi, ya faɗo da baya a kan guntuwar katanga. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko shi. A babban asibitin gwamnati, likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya nuna mana inda ƙashi ɗaya na gadon baya ya farfashe. Ya ce mu gode wa Allah laka ba ta tsinke ba, shi ya sa yatsun ƙafarsa suke motsi. Ya ce za a yi tiyata, a murɗa ƙusoshi a ƙasusuwan da ke sama da ƙasan karayar, a haɗa su da sanduna biyu, a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunsa a cike wurin. Ƙarfen zai riƙe bayan tsawon watanni har ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya. Sai dai kayan babu su a asibitin. Za a yi odarsu daga Legas, wurin wani kamfani da kayansa ke da rajista da hukumar kula da ingancin magunguna da kayan asibiti, kuma za su ɗauki kamar mako uku. Kafin nan Yaya zai kwanta a miƙe, ko tashi zaune ba zai yi ba.

Kuɗi ba su ne matsalar ba, dangi sun haɗa abin da ake nema tun a kwanakin farko. Matsalar ni ce. Na tambayi likitan ko zan iya ganin irin ƙarfen, ya ciro samfurin ƙusa ɗaya daga aljihun tebur ya miƙo mini. Na ji ta sakayau a hannu, launinta toka-toka, ba ta ko sheƙi. Na sake ta a kan siminti, ta yi wata ƙara a dakushe kamar an yar da murfin gwangwani. A raina na gama raina ta. Ita kuwa maganar rajista dariya ta ba ni. Mu da muka tashi a zamanin soja, abin da muka sani game da takarda shi ne hatimi ne da ake saya. A daidai lokacin hukumar tana ta kame da ƙona jabun magunguna, mu kuma a majalisarmu ta bakin maƙera cewa muke yi sabon salon neman na goro ne kawai, an sauya kaki da babbar riga.

Kwana shida Yaya yana kwance. Mutumin da ko hularsa ba ya cirewa a gaban mutane, ga shi sai an juya shi, sai an tara masa tasa. Ba ya ƙorafi, amma ina ganin yadda yake kawar da kai. Abin ya riƙa cin raina. A rana ta bakwai, ina zaune a gindin darbejiyar da masu jinya ke taruwa, wani mutum tsaf-tsaf da jaka a hannu ya zauna kusa da ni ya yi mini jaje. Ya ce sana'arsa kawo kayan tiyata, kuma yana da irin abin da muke jira, a nan cikin Kano, yau ɗin nan. Ya ce takardar hukuma ce kawai ba ta fito ba, ni ma ai na san halin ofis. Ya buɗe jaka ya ba ni ƙusa ɗaya. Tana da nauyi, tana ƙyalli. Na sake ta a kan dakalin siminti, ta yi wani amo siriri mai tsawo, irin wanda mahaifinmu kan lumshe ido idan ya ji. Na tafi da ita maƙera na goga mata magagari, da ƙyar ya kama ta. A wurina magana ta ƙare.

Da na kai wa likita maganar, ya ƙi. Ya ce ba ya sa wa mutum a baya abin da bai san wanda ya ƙera shi ba. Na ɗaga murya a ofishinsa, na tambaye shi shekara nawa ya yi yana dukan ƙarfe. Har na yi masa gugar zana cewa wataƙila yana da kaso a wurin mutanen Legas. Shi dai ya maimaita cewa mu yi haƙuri da sauran kwanakin. Mai jaka kuwa ya san wani asibitin kuɗi da ba a tambayar takarda. Matar Yaya ta same ni a baranda tana kuka, ta roƙe ni in bar shi inda yake, ta ce ita za ta iya jinyar ko ta wata uku ce. Na ce mata ta tsaya a kan abin da ta sani. Da na je wa Yaya da maganar, ya ce shi dai ransa ya fi kwanciya da jira, amma a gidanmu idan ana maganar ƙarfe ba mai magana bayan tawa. Ni na sa hannu a takardar fitar da shi.

An yi aikin, kuma da farko kamar na ci gari. Bayan 'yan makonni Yaya ya miƙe, ya fara takawa da sanda, har ya koma zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa. Ni kuwa bakina bai huta ba. Duk wanda ya zo gyaran gatari sai ya ji labarin yadda maƙeri ya koya wa likita aiki. Wajen wata na bakwai ciwo ya dawo. Wurin ɗinkin ya kumbura, ya fara tsattsafo da ruwa. Na ce sanyin hunturu ne ya shige shi, na sayo man zafi. Asibitin kuɗin suka ba da ƙwayoyi suka ce zai wuce. Wata safiya ya sunkuya zai wanke ƙafa a alwala, matarsa ta ce ta ji ya yi salati, ta fito ta tarar da shi a ƙasa, buta ta kife, ƙafafun ba sa amsa masa.

Wurin likitan farko muka koma, don babu wani wurin. Na shiga ofishinsa kaina a ƙasa, ina jiran ya rama. Da ya rama da na fi samun sauƙi. Hoton kawai ya ɗaga ya nuna mini: ƙusa biyu sun karye, sanda ɗaya ta goce, ƙasusuwan ba su haɗe ba, kuma sun zame sun danne laka. Ya sake yin tiyata ya cire abin da zai ciru, ya sa irin nasa, amma ya gaya mana gaskiya cewa wannan karon lakar ta ji rauni, kada mu sa rai da yawa.

Bayan aikin ya kira ni ya zuba mini guntayen a tafin hannu. Wurin zaren da ake murɗa ƙusar duk ya ci, ya yi ramuka ƙanana, ga tsatsa. Cikin natsuwa ya yi mini bayanin da na ƙi saurara a baya. Ya ce cikin jikin mutum ruwa ne mai gishiri da ɗumi, kuma baya ba ya hutawa, duk numfashi da duk taku sai ya ɗan lanƙwasa ƙarfen. Ƙarfen da ya yi wuƙa mai kyau yana iya ruɓewa a nan, ko ya gaji ya karye. Waccan ƙusar mara nauyi da na raina, an zaɓi ƙarfenta ne don jiki ba ya faɗa da shi. Kafin a yarda a sa irinta a jikin mutum, sai an lanƙwasa ta a inji ba adadi, an jiƙa ta, an tabbatar ba ta sakin guba, an san masana'antar da ta fito. Takardar da na yi wa dariya shaidar wannan ce. Ya tambaye ni ko akwai sunan kamfani a kwalin da aka ba mu, don a sanar da hukuma kada wani ya faɗa. Babu suna, babu lamba. Mai jaka kuma ban sake ganinsa ba.

Yau shekaru ke nan Yaya yana zaune. An samo masa keken guragu, amma wanda ya san lungunanmu ya san keke ba ya wuce kwata da tudun ƙofar zaure. Ranar Juma'a ni nake goya shi zuwa bakin titi. Muna tafe yana ɗaga kai yana duban sorayen da ya yaɓe, wani lokaci ya ce wancan indararon ya kusa faɗuwa, a gaya wa masu gidan. Matarsa tana gaishe ni, tana zuba mini abinci, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma har yau ba na iya haɗa ido da ita.

Na daɗe kafin na iya neman gafararsa. Ranar da na yi, na durƙusa gabansa da guntun ƙusar a hannuna, na ce girman kaina ne ya zaunar da shi. Ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya yafe duniya da lahira. Sai ya ce in sake ta a ƙasa ya ji. Na sake ta a kan dandamalin ɗakinsa. Ya saurara har amon ya mutu, ya gyaɗa kai, ya ce lallai tana da daɗin ji. Ba da gatse ya faɗa ba, kuma wannan ne ya sa ni kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifinmu.

Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ta biyo. Abin da na koya shi ne iyawata tana da iyaka, kuma iyakar tana bakin ƙofar maƙera. Ina roƙon duk wanda za a sa wa ɗan'uwansa ƙarfe a jiki, a baya ne ko a ƙafa, ya tambayi sunan kamfanin da ya yi shi, ya nemi lambar rajistar hukuma, ya gani da idonsa. Idan likita ya ce a jira, a jira. Kada a saurari mai jaka a gindin bishiya, kada kuma a biye wa irina, ɗan'uwa mai kaifin baki da ya iya wani abu guda ya ɗauka ya iya komai. Sauran mako biyu na kasa jira a wancan lokacin. Guntun ƙusar yana nan a aljihuna, amonsa bai canza ba, Yayana kuma bai sake tsayuwa a sahu ba.