Sunan Da Na Tono A Bayan Zanen Kufai

Edita, shekarun baya ni matashi ne mai rawar kai a Kalgo. Na ɗan karanta zane-zane a kwaleji, na buɗe shagon sa wa hotuna firam da gilashi a bakin titi, kuma wallahi a lokacin gani nake duk faɗin Kebbi babu mai idona. In an kawo hoto sai na yi masa sharhi ko ba a tambaye ni ba. Wannan bakin nawa ne ya ja mini abin da zan ba ku labari, kuma har yau in na tuna gabana sai ya faɗi.

Wani dattijo daga Gwandu ya zo da zane naɗe cikin tsohon rawani, gilashinsa ya tsage. Zanen kufan wata unguwa ce: katangu sun rushe, azara ta ƙone ta yi baƙi, tukwane a fashe, babu mutum ko ɗaya. Ya ce mini mahaifinsa ne ya zana shi da hannunsa, zamanin da sojojin Turawa suka ƙone unguwar, don kada a manta da abin da aka yi. A zaurensu yake rataye, kuma mutanen wannan unguwa kan kawo jikokinsu su gani, su yi wa mai zanen addu'a. Ya roƙe ni in canza gilashi kawai, kada in taɓa takardar. Sau biyu ya maimaita, na ce Baba ai ka gama magana.

Yana fita na ɗaga takardar a rana. Na san mutanenmu da tawada da alƙalamin kara suke zayyana, wannan kuwa fentin ruwa ne irin na Turawan Ingila, siriri har kana hango layin fensir a ƙarƙashinsa. Sai na lura an naɗe gefen ƙasa zuwa baya, an manne shi da ƙaro. Na ɗora buta a wuta, na kanga wurin a tururi har ya saki. Rubutun Turanci ne: sunan wani hafsan Bature, sai layi guda da ke cewa kyauta ce ga saurayin da ya nuna musu hanyar baya ta shiga unguwar. Na kai hoton rubutun wurin wani malamin jami'a, ya gwada shi da wanda ke kan wasu zane-zanen Baturen, ya ce babu shakka hannunsa ne. Kaina ya kumbura. Maimakon in hau babur in je in sami dattijon a keɓe, sai na zuba hoton a zauren WhatsApp na 'yan Gwandu, har da fassara, har da cewa lokaci ya yi da za a ba mai zane haƙƙinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai firam ɗin Gwandu, ina tsammanin yabo. Tun daga bakin lungu na ji hayaniya. Samarin waccan unguwar sun cika ƙofar gidan da gora da sanduna, suna ihu a fito musu da jinin maci amana, domin sun gane mahaifin dattijon ne saurayin da ya nuna hanyar. 'Ya'yan dattijon sun tare ƙofar zaure, ɗaya da tabarya, ɗaya da adda. Babban ɗan ne ya fara hango ni. Kafin in kashe babur ya finciko ni ta wuyan riga, ya maka ni da ƙasa, firam ɗin ya tarwatse a ƙarƙashina. Ya take hannuna na dama a kan fasassun gilashi yana murzawa, yana tambaya wa ya aike ni. Na ji ƙashin yatsuna ya yi ƙara, na yi ihu har muryata ta dushe. Ta bayansa wani ya sauke masa gora a ƙeya, ya faɗo kaina, jininsa na zuba a fuskata. Daga nan kowa ya hau kowa. Mutanen da suka yi sahu ɗaya ɗazu suna fasa wa juna kai, mata na kururuwa daga cikin gida, an cinna wa rumfar ƙofa wuta.

Sai dattijon ya fito, ba hula, hannuwa a sama, yana haɗa su da Allah su bari. Dutse ya same shi a ido na hagu. Ban san wanda ya jefa ba, amma na ga yadda ya durƙusa ya dafe fuska, jini na bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga a farar riga. Wannan ne ya tsayar da faɗan. Zanen kuwa an tattake shi cikin laka da jini, ba abin da ya rage sai guntaye.

Bayan an sallame mu daga asibiti na yi makonni ina jin kunyar zuwa. Da na je, na same shi a zaure, idon ya tafi, ƙusar da zanen ke rataye tana nan a bango. Na durƙusa ina kuka, na ce ban san abin zai kai haka ba. Ya ce mini shi da kansa ya naɗe gefen takardar ya manne. Mahaifinsa ya faɗa masa komai a ciwon ajali: shi mahaifin yana saurayi aka ɗora masa bindiga a kai ya nuna hanyar, kuma ya ƙare rayuwarsa yana kai wa mutanen unguwar hatsi duk kaka ba tare da sun san dalili ba. Ya ce da na zo na tambaye shi, da ya zaunar da ni ya ba ni labarin. Sannan ya roƙe ni in faɗa masa sunan Baturen, domin shekara sittin yana ɓoye sunan da bai iya karantawa ba. Na faɗa. Ya maimaita sau ɗaya, ya ce to, yanzu kowa ya huta.

Ban yi ƙarya ba, Baturen ne ya yi zanen. Amma amana aka ba ni, aka ce kada in taɓa, na taɓa don a ce na iya. Yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa har yau, gidan dattijon da mutanen unguwar ba sa zuwa jana'izar juna. 'Yan'uwa masu ɗan ilimi da waya a hannu, in kun gano wani abu a kayan mutum, ku fara zuwa wurin mai kayan. Ni na sami sunan mai zane, dattijon da ya yarda da ni ya biya da idonsa.