Harsashi a Ƙunshin Goro

Ranar da zabo ya kunyata Ɗantsoho, rabin mutanen unguwarmu ta Waca suna tsaye a bakin gonar gyaɗa. Dalhatu gardi, dogarin Faransawa, ya zo daga Magarya karɓar tsuntsayen da ake kai wa kumandan, Baturen mulkin yankin, ya ce yana so ya ga harbin da idonsa. Ɗantsoho ya tattare riga, ya ja ciki har gindin sabara, ya ɗora kunci a kan bindiga, ya ja kunama. Bindiga ta ce ƙyas. Ya sake ɗura wani harsashi, ta kuma cewa ƙyas. Zabon ya ɗago kai ya dube shi, ya matso ya tsinci wani abu dab da bakin bindigar, sannan ya yi tafiyarsa ba gaggawa. Kafin Ɗantsoho ya karkaɗe ƙasar gwiwarsa ya sami sabon suna, Mai Ƙyas.

Shi dai maharbi ne ɗan maharbi, da baka da kwari ya tashi. Bindigar ta kumandan ce, 'yar siririya da Faransawa ke kira karabin, harsashinta bai fi ƙwayar wake biyu a jere ba. An bar ta a hannun maigari, maigari ya danƙa wa Ɗantsoho, a kan ya riƙa aika zabi da zomaye bariki. Ladan aikin shi ne ba a sa shi cikin masu aikin tilas. A shekarun nan ana kwasar maza a kai su gyaran hanyar Damagaram, su bar gero a gona ba mai nome shi. Ɗantsoho ga ciwon baya, ga ba ɗa namiji a gida, in aka tafi da shi sai dai matarsa Tabawa ta ci ciyawa.

Gardi bai yi faɗa ba. Ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa, in ya tarar da ƙyas maimakon zabi, bindiga ta koma hannun wani, shi kuma Ɗantsoho ya nemi gammo. Wanin nan kowa ya san shi, Wakili ne, ƙanen matar maigari, mutum mai tsabtar riga wanda ba a taɓa kama shi da fartanya ba. Tun ranar ya fara rufe ido ɗaya yana auna kajin mutane da sanda.

Ɗantsoho ya bi kowa da zargi. Da farko ya ce Wakili ne ya ɗaure bakin bindigar, ya kai ta wurin Malam Goni aka yi mata tofi, ta dawo ta ce ƙyas. Ya ce Nasaran da ke ɗura harsashin a ƙasarsu barci yake yi a bakin aiki. Ya zargi har zabin, wai sun ci wani abu.

Akwai dai abin da bai lissafa ba. Duk Waca ba mai rowar goro kamarsa. Ƙunshin goronsa na algarara yana ƙasan gado, ba a taɓa ganin hannun wani ya shiga ba, kowace safiya kuma yakan yayyafa masa ruwa don kada goron ya bushe. Da aka ba shi kwalin harsashi, ya duba ɗakin nan kaf bai ga wurin da ya kai ƙunshin nan tsaro ba, sai ya cusa shi tsakiyar goro. Damina guda harsashin kumandan yana shan ruwa da safe kamar ɗan akuya.

Tabawa ta daɗe da gani. Wata safiya yana tsugune yana yayyafi, ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya.

“Malam, su ma waɗannan taunawa za ka yi?”

Ya ce mace ba ta san sha'anin bindiga ba. Ta ce haka ne, ita ashana kawai ta sani, kuma ba ta taɓa jiƙa ta ba. Ta ci gaba da shara. Sai ya jira ta tafi rijiya, ya zaro kwalin, wanda ya yi laushi kamar tuwon jiya, ya zazzage a faifai.

Daga nan aka ga sabon Ɗantsoho. Ya zauna a rana yana tsince harsashi yadda mata ke tsince wake. Wanda ya yi kore a wuya, gefe. Wanda kansa na dalma ke girgiza in an murza shi, gefe. Wanda ya lotsa, gefe. Sauran ya goge su da busasshen tsumma, ya zuba a gorar da yake ajiye irin kankana, ya toshe bakin, ya rataye can sama a jikin tanka. Ya lura kuma da wani abu a jikin waɗanda suka ƙi tashi: bindigar nan ba tsakiyar gindi take sara ba, gefe take sara, ga ɗan tabon nan kamar cizon ɓera. Ya ce a ransa, in gefe guda ya mutu, wa ya ce ɗaya gefen ma ya mutu? Ya juya guda, ya auna kukar bayan gari, ta tashi tas. Muka ji ƙara muka fito, muka tarar da shi yana shafa jikin kuka yana murmushi. Aka bi shi da barka, ana tambaya ko za a kawo wuƙar fiɗa.

Ranar kasuwa gardi ya dawo, Wakili na biye da shi riƙe da linzamin doki, ya sha wanka. Jama'a ta fi ta farko, har da masu tallan fura. Ɗantsoho ya riga ya rataye zabi a kafaɗa tun hantsi, amma gardi ya ce waɗannan wa ya sani ko tarko ne ya kama su, a yi a gabansa. Aka koma gonar gyaɗa. Ɗantsoho ya ja ciki, ya auna, ya ja kunama.

Ƙyas.

Dariya ta ɓarke a baya. Wakili har ya miƙa wa wani linzamin ya fara naɗe hannun riga. Shi kuwa Ɗantsoho ko waiwaye bai yi ba. Ya buɗe bindigar a hankali, ya zaro harsashin da farce, ya juya shi, ya mayar. Wannan karon zabon bai sami damar duban kowa ba. Gardi ya ɗaga tsuntsun ya jinjina nauyinsa, ya ɗaure a sirdi, ya ce a gaida maigari.

Bindigar ta zauna a hannun Ɗantsoho har aka soke aikin tilas, bayansa bai taɓa ɗaukar dutsen hanya ba. Duk sabon kwalin da ya zo daga Damagaram sai ya tsince shi a faifai, ya fara gwada guda a jikin kuka. Sunan Mai Ƙyas dai bai bar shi ba, rowar goron ma haka.

A yammacin ranar gwajin ne Wakili ya biyo ta ƙofar gidansa, ya tarar da shi a kan tabarma da tarin matattun harsasan nan a gabansa. Ya tsaya ya ce, don mutane su ji, wai ya sami labarin ana shayar da harsashi a gidan nan, ko za a sam masa guda ya kai gona ya shuka.

Ɗantsoho ya tura masa faifan da ƙafa.

“Kwashe duka, Wakili, ai 'yan'uwanka ne. Kullum suna kwance a inuwa kusa da goro ana ba su ruwa, ranar aiki ko tari ba sa yi.”